Tsuntsu mai cin ƙudan zuma: rami a gaɓar kogi da rikicin uba da ɗa

A rafukan ƙasar Zazzau, da bakin kogin Gaji a dajin Yankari, akwai wuraren da ruwan damina ya yanke gaɓa ya bar ta a tsaye. Jikin irin wannan gaɓa za ka tarar da ƙananan ramuka a jere, goma, ashirin, wani wurin fiye da haka, kowanne bakinsa bai wuce a zura yatsu uku ba. Mai wucewa zai ɗauka na ɓera ne ko na maciji. Na tsuntsu ne, kuma ɗaya daga cikin tsuntsayen da suka fi kowa kyan gani a dajinmu: bayansa kore shar, maƙogwaronsa ja wur, ƙarƙashin wutsiyarsa shuɗi, ga wani baƙin layi da ya taso daga gindin baki ya ratsa ido. Abincinsa ƙudan zuma da rina da sauran ƙwari masu harbi.

Danginsa, waɗanda masana ke kira Meropidae, sun kai kala 30 ko ɗan fiye, kuma mafi yawansu a Afirka suke. Sauran suna kudancin Asiya, ɗaya yana hayayyafa a Turai, ɗaya a Ostareliya. Kusan dukkansu ƙira ɗaya ce: siririn jiki, dogon baki mai ɗan lanƙwasa, fuffuke masu tsini, gajerun ƙafafu, wasu da gashi biyu dogaye da suka zarce a tsakiyar wutsiya. Ƙaramin cikinsu bai fi santimita 16 ba, manyan kuwa sukan haura 30 in an haɗa da jela. Mace da namiji da wuya a bambanta su da ido.

Kyan nan shi ke ɗauke hankalin masu ɗaukar hoto, shi ya sa yawancin abin da ake faɗa a kan tsuntsun bai wuce launi ba. A ganina launin shi ne mafi ƙarancin abin mamaki a tattare da shi. Abin dubawa shi ne yadda ya warware matsala biyu: yadda za a ci abinci mai dafi, da yadda za a yi renon 'ya'ya a ƙarshen rami mai duhu a ƙasar da ruwa da fari ke karɓa-karɓa. Ta biyun ce ta fi wuya, ita ce kuma ta tsara kusan duk rayuwarsa.

Ta farkon dai a ido ake ganinta. Tsuntsun yakan zauna a busasshen reshe ko kan wayar lantarki, kansa na juyawa hagu da dama. An lura na Turai yana hango ƙudan zuma daga nisan mita 60. Sai ya zabura, ya ɗan karkace a iska, ka ji ƙas, ya dawo reshen da ya bari da ƙwaro a tsinin baki. Ba ya haɗiyewa nan take. Zai fara buga kan ƙudan a jikin reshen har ya sume. Daga nan ya juya shi, ya kama shi ta can ƙarshen ciki, ya runtse ido, ya yi ta goga wurin a jikin itacen da sauri har dafin ya tsiyaye, sau da yawa ƙarin ma ya fita. Ya ƙara buga shi sau ɗaya ko biyu, ya ɗaga kai, ya haɗiye. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi. Runtse idon ba ado ba ne, dafin kan fantsama.

Wanda ya fara bin diddigin wannan aiki dalla-dalla wani masanin tsuntsaye ne ɗan Ingila, Hilary Fry, lokacin yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cikin shekarun 1960. Mai jan maƙogwaron nan na rafukan Zazzau shi ya fi nazarta, kuma a 1969 ya buga sakamakon da ke nuna tsuntsun yana rarrabe ƙwaro mai dafi da marar dafi. In ya kama namijin zuma, wanda ba shi da ƙari, ko fara, ko gina, bugu kawai zai yi ya haɗiye, ba ya ɓata lokaci wajen guga. Da dabarar ake ƙyanƙyashe shi, ba koya masa ake yi ba, amma ɗan tsuntsu yakan sha harbi kafin bakinsa ya faɗa. Abin da ciki bai narkar ba, wato fuffuke da ɓawon ƙwari, yakan dunƙule ya amayo shi. Waɗannan 'yan dunƙule-dunƙulen da ke zube a ƙarƙashin mazauninsa su masu bincike ke farfasawa su ƙirga abin da ya ci.

To, sai rami.

Tsuntsun da ƙafarsa ba ta da wani ƙarfi, bakinsa kuma siriri, shi ne ke haƙa rami mai zurfin mita ɗaya, a wasu kaloli har biyu. Da baki yake sara, da ƙafa yake watso ƙasar baya, mace da namiji suna karɓar juna. A na Turai an auna: aikin yakan ci kwana 10 zuwa 20, ƙasar da ake fitarwa takan kai kilo 7 zuwa 12, bakin tsuntsun kuma yakan cinye da kamar milimita 2 kafin a gama. Tsuntsun da nauyinsa kamar giram 60 ne kacal ke nan. A ƙarshen ramin akwai ɗan ɗaki mai faɗi. Ba ciyawa, ba gashi, ba shimfiɗar komai; a kan ƙasa ake zuba ƙwan, farare tas, kusan a mulmule.

Inda abin ya fi burge ni shi ne lissafin lokaci, domin kowane kala da nasa, gwargwadon ƙasar da yake. Mai jan maƙogwaro da rani yake ƙwai, wajejen Janairu zuwa Maris. Dalilin a fili yake: da damina gaɓar da yake so tana cikin ruwa ko tana zaftarewa, da rani kuwa rafi ya ja baya, ga ɗorawa da kaɗanya da mangwaro sun yi fure, zuma ta cika daji. Sai dai a watan Janairu jar ƙasar nan ta bushe ta yi tauri, bakinsa ba zai iya da ita ba. Saboda haka tun ƙarshen damina, ƙasa na da sauran danshi, yake haƙa raminsa, ya bar shi wata biyu ko uku yana kewayawa yana dubawa, sai lokaci ya yi a shiga. Kafin ruwan farko ya sauka 'ya'yan sun tashi.

Ɗan uwansa mai farin maƙogwaro akasin haka yake yi. Shi a bakin hamada yake hayayyafa, daga Muritaniya da Mali, ta Nijar da Chadi, har Sudan, inda ƙwari ba sa yawa sai an yi ruwa. Don haka da damina yake ƙwai, a shimfiɗaɗɗen yashi, ba ya neman gaɓa. Ruwa na ɗaukewa sai ya yi kudu, ya ratsa ta kanmu garke-garke yana kuka a sama, ya je ya yi rani a bakin kurmin kudancin Najeriya da Gana da Kamaru. A can har wani abinci yake ci da ba a san sauran danginsa da shi ba: in kuregen bishiya na ɓare kwakwar manja, tsuntsun yakan tsaya a ƙasa da shi yana cafke ɓawon mai maiƙo kafin ya kai ƙasa.

Sai babbansu, jan nan mai kai shuɗi-kore, wanda ke yin ramuka ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, a manyan gaɓoɓin koguna irin Neja da Binuwai daga ƙarshen rani zuwa farkon damina. Shi fara da babe ne rabin abincinsa, kuma ya san inda ake samunsu a banza. Da an cinna wa daji wuta za ka gan su sun taso daga nesa suna shawagi a bakin hayaƙi, suna tsintar ƙwarin da ke gudun wuta. In babu wuta sai ya hau bayan akuya ko jaki ko raƙumi, ko ma tsuntsu ɗan uwansa irin tuje da jimina, dabbar na tafe tana tayar da fara, shi kuma yana cafkewa yana dawowa mazauninsa. Saboda girmansa yakan iya gamawa da ƙudan zuma a iska ba tare da ya nemi reshe ba.

Rami yana kare ƙwai daga rana da shaho, amma yana da tsada. Gaɓar da ta dace ba ta da yawa, shi ya sa ake cunkushewa wuri guda. Cunkoso kuma na nufin bakuna da yawa a kan abincin yanki ɗaya. A ƙasashe masu zafi mace kan yi ƙwai 2 zuwa 5, a Turai har 7 ko fiye. Kwanci kamar kwana 20 ne, uwa da uba suna karɓa-karɓa, kuma tun ba a gama zuba ƙwan ba ake fara shi, don haka ba rana ɗaya ake ƙyanƙyashewa ba. Na fari ya girmi auta da kwanaki. 'Yan tsakin suna fitowa tsirara, ido a rufe, su yi kusan wata guda a ciki. Ramin kuwa siriri ne, ɗa ɗaya ne ke iya tarar iyaye a hanya, kuma kullum mai ƙarfin ne ke gaba. In abinci ya wadata kowa ya samu. In ya yi ƙaranci, auta ne ke fara mutuwa, sai mai bi masa. Kowane zuwa ƙwaro ɗaya tak ake kawowa a baki, ba a tara shi a maƙoshi, don haka yawan abincin da ke shiga rami ya dogara ne kacokan a kan yawan masu jigila.

Daga nan ne al'amarin 'yan taya reno ya samo asali. Fry ya lura a Zariya cewa wasu ramukan tsuntsu uku ne ko fiye ke shiga da abinci, ba biyu ba. Na ukun ba kishiya ba ce, ba kuma baƙo ba ne. Galibi ɗan da aka ƙyanƙyashe bara ne, ko wanda tasa sheƙar ta lalace ya dawo gida. A 1972 ya buga bayanin wannan tsari, yana cikin na farko-farko da suka nuna cewa taya reno ya zama ruwan dare a tsuntsayen ƙasashe masu zafi.

Waɗanda suka kai binciken ƙurya su ne Stephen Emlen da Peter Wrege na Jami'ar Cornell ta Amurka, da suka shafe shekaru a dajin Tafkin Nakuru na Kenya suna bin wani ɗan uwan mai jan maƙogwaro na kusa, mai farin goshi. Sun sa wa tsuntsaye alama ɗaya bayan ɗaya har suka san wane ne ɗan wane. Abin da suka gano ya yi kama da gandu ƙwarai. Mazauna gaɓa ɗaya ba taron yuyuyu ba ne, gida-gida ne, kowane gida da kakanni da iyaye da 'ya'ya, kowanne kuma da yankin farautarsa da yake karewa, wani lokaci kilomitoci daga gaɓar. Ɗa namiji yakan zauna a gidan ubansa, mace ce ke tashi ta koma gidan miji. Yunwa ce babbar mai kashe 'yan tsaki, kuma ƙarin mai taya reno guda ɗaya yakan kusan ninka yawan 'ya'yan da ke fita da rai. Sannan ba kowa ake taya wa ba. Tsuntsun da ke da zaɓi tsakanin ramuka biyu kusan kullum na wanda ya fi kusanci da shi a jini yake zaɓa. Matar da aka kawo daga wani gida kuwa, ko da tata sheƙar ta lalace, da wuya ta ɗauki ƙwaro ta kai wa 'ya'yan dangin miji. Zama take yi ta jira wata shekara.

Me zai sa tsuntsu ya bar neman nasa ya yi wa wani wahala? Amsar da masana suka fi yarda da ita ta fito ne daga lissafin da William Hamilton ya gabatar a 1964. Ɗanka rabin jininka ne. Ƙaninka da kuke uwa ɗaya uba ɗaya shi ma rabin jininka ne. Ke nan ta fuskar gadon halitta, wanda ya rayar da ƙani bai yi asara ba in aka kwatanta da wanda ya rayar da ɗa, musamman in shi sabon shiga ne wanda tasa sheƙar ba lallai ta yi albarka ba.

Amma lissafin nan yana da wata fuska marar daɗi, wadda Emlen da Wrege suka bayyana a 1992. A wurin uba, ɗa rabi ne, jika kuwa rubu'i. Saboda haka ya fi masa riba ɗansa ya zauna ya taya shi renon sababbin 'ya'ya da ya je ya haifa masa jikoki. Kuma sun ga uban yana aiki da wannan. Saurayin tsuntsu ya samu mata, ya fara haƙa rami, yana kawo mata ƙwari tana karɓa, sai uban ya bi ya dame su: ya kore shi daga reshe, ya shiga tsakani lokacin da yake miƙa mata abinci, ya je ya tsaya a bakin ramin ya tare hanya. Sau da yawa ɗan yakan haƙura, ya watsar da nasa, a wayi gari yana jigilar abinci zuwa ramin uban. Ba ya tsananta gardama, domin shi asararsa kaɗan ce. Wadda ta tashi a tutar babu ita ce amaryar, da ba ta haɗa jini da kowa a gidan ba. An kuma lura in uwa ta mutu uban ya sake wata, ɗokin taya renon yakan ragu, tun da 'ya'yan da za a haifa 'yan uba ne.

A kula, ba cewa ake tsuntsu na zaune yana buga lissafi ba. Halin da ya fi yaɗa jinin mai shi shi ke wanzuwa bayan dubban zuriya, shi ke nan. Ban kuma ga dalilin ɗauko darasin zaman iyali daga gaɓar kogi ba, domin a gaɓar nan har wa yau akwai macen da ke faƙon maƙwabciya ta fita ta shiga ta zuba mata ƙwai, akwai kuma masu tare wanda ya dawo da abinci su ƙwace.

Abokan gaba daga waje ma suna nan: maciji, guza, tunku, da ambaliyar da ta zo kafin lokacinta. Mafi muni shi ne tsuntsun nan mai jagorantar mafarauta zuwa inda zuma take. Macensa ba ta yin sheƙa. Takan shiga ramin mai cin ƙudan zuma ta zuba ƙwai ɗaya, sau da yawa ta huda na masu gida. Ɗanta yana fitowa da ƙugiya mai kaifi a tsinin baki. A Zambiya, Claire Spottiswoode ta sa kyamara a cikin ramukan ƙaramin mai cin ƙudan zuma, kuma hotunan da aka fitar a 2011 sun nuna ɗan baƙon, ido a rufe, cikin duhu, yana cafkar 'yan gida da zarar sun fito daga ƙwai yana girgiza su har su mutu. Iyayen kuma su ci gaba da ciyar da shi har ya tashi.

Na Turai shi ne matafiyin dangin. Yana ƙwai a Sifaniya da Italiya da ƙasashen gabas har tsakiyar Asiya, sannan kafin sanyi ya tsallaka Bahar Rum da Sahara. Na yammacin Turai a Afirka ta Yamma suke sauka, na gabas su bi ta gabas har kudancin nahiyar. Ɗumamar yanayi tana tura shi arewa: ya kafu a sassan Jamus, kuma a 2022 wasu suka yi ƙwai a wani ramin haƙar yashi a Norfolk ta Ingila, mutane suka yi ta tururuwar zuwa kallo.

Saura ƙorafin masu kiwon zuma, wanda ba a raina shi ba. Tsuntsu ɗaya na Turai yana iya cin ƙudan zuma fiye da 200 a yini, kuma wanda ya tsaya yana kallon garke guda na shawagi a kan amyarsa dole ransa ya ɓaci. Sai dai a sa lissafin a ma'auni. Amya mai ƙarfi tana ɗauke da ma'aikata dubu 20 zuwa dubu 60, sarauniya na iya zuba ƙwai fiye da 1,000 a rana, ma'aikaciya kuwa a lokacin aiki makonni kaɗan take yi a duniya ko da tsuntsu ko babu. Binciken da aka yi a Sifaniya, inda rigimar ta fi zafi, ya nuna abin da tsuntsayen ke ci bai kai ya karya amya mai lafiya ba. Ga shi kuma suna cin zirnaƙo da rinar da ke farautar zumar ita kanta, jan nan kuma yana rage wa manomi fara.

Inda ɓarnar take da gaske wuri biyu ne. Na ɗaya, sabuwar sarauniya da ta fita barbara. In aka cafke ta a hanya, amyar na iya mutuwa gaba ɗaya. Na biyu, tsoro: in tsuntsayen suka yi sansani a kusa, zumar takan ƙi fita, ba kiwo ba ɗebo ruwa, kuma a zafin bazara amyar da ba ta samun ruwan sanyaya ciki tana shiga wahala. Wannan ya fi faruwa a ranakun da garken matafiya suka yada zango, ko ranar da iska da hazo suka hana sauran ƙwari tashi.

Maganin duka biyun bai kai ga danƙo ko toshe ramuka ba, balle guba. Mafi yawan kalolin tsuntsun ba sa cikin haɗarin ƙarewa a yanzu, amma da yake a wuri guda suke taruwa, motar yashi ɗaya da ta kwashe gaɓa a watan Fabrairu, ko madatsar ruwa da aka buɗe ba zato, ko feshin maganin fara, na iya share hayayyafar shekara ta yanki sukutum. Mai amya da ya san akwai ramuka a rafin kusa, abin da ya fi masa shi ne ya matsa da amyoyinsa nesa da gaɓar, ya rataye su cikin inuwar itatuwa masu duhu maimakon fili, ya sare busassun rassan da tsuntsun ke zama a kai yana faƙo, ya kuma ajiye ruwa a kasko dab da amya don kada zumar ta yi doguwar tafiya a makonnin da garken ke wucewa.